FATAUCIN MUTANE: ƘOƘARIN HUKUMA WAJEN HANA SHI DA TALLAFA WA WAƊANDA AKA CETO

Gabatarwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 a cikin hamada, arewa da garin Arlit na Jamhuriyar Nijar, ba nisa da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma galibinsu daga ƙasar Kance suka fito a jihar Damagaram. Hanya ce da aka saba bi da mata da yara zuwa bara a biranen Aljeriya. Wannan musiba ta nuna a fili cewa maganar safarar ɗan Adam ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne, abu ne da ya taɓa ƙasar Hausa a tsakiyarta.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana abin da ake nufi da fataucin mutane, da matakan da hukumomin Nijeriya da Nijar suka ɗauka domin hana shi, da kuma yadda ake kula da waɗanda aka ceto daga hannun masu yin sa. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, tsare hanya da ɗaure mai laifi ba su wadatar ba. Ma'aunin nasarar hukuma a wannan fage shi ne halin da wanda aka ceto ya sami kansa a ciki bayan ceton.

Ma'anar Fataucin Mutane

Kalmar fatauci ba ta da muni a Hausa. Farke mutum ne mai daraja, wanda kan shiga ayari a ƙarƙashin madugu ya tafi Gwanja sayen goro, ya yi watanni kafin ya komo. Muninta a nan ya zo ne daga hajar da ake fataucin, wato ɗan Adam.

Ma'anar da ƙasashen duniya suka amince da ita tana cikin yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a shekarar 2000, wadda aka fara sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2001. A bisa wannan yarjejeniya, abubuwa uku ne kan haɗu laifin ya tabbata. Na farko shi ne aikin, wato ɗauko mutum, ko jigilarsa, ko ɓoye shi, ko karɓarsa. Na biyu shi ne hanyar da aka bi, wato tilas, ko barazana, ko yaudara, ko sata, ko fakewa da rauninsa, ko biyan wanda ke da iko a kansa. Na uku shi ne manufa, wato ci da guminsa ta karuwanci, ko aikin tilas, ko bauta, ko cire wani sashe na jikinsa. Idan an yi amfani da ɗaya daga cikin waɗancan hanyoyi, to amincewar mutum ba ta wanke wanda ya ɗauke shi. In kuwa yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar hanyar da aka bi. Aikin da manufar sun isa.

Ya kamata a rarrabe tsakanin wannan da fasa-ƙwaurin 'yan ci-rani. Wanda ya biya direba domin ya tsallakar da shi iyaka ba da takardu ba, cinikinsu ya ƙare da zarar an isa. Wanda aka yi fataucinsa kuwa, da isarsa ne cinikin ke farawa. Bugu da ƙari, ba lallai sai an ƙetare iyaka ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kai birni, tana aiki wani na karɓar kuɗin, ba ta da ikon cewa za ta koma gida, ta shiga cikin wannan ma'ana ko da tazarar ba ta wuce tafiyar awa biyu a mota ba.

Waiwaye Kan Tarihi

Ba yau hukuma ta fara fama da wannan al'amari a ƙasar Hausa ba. A shekarar 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar da ta haramta cinikin bayi a Arewacin Nijeriya, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Shelar ba ta 'yanta bayin da ke hannun iyayengijinsu nan take ba, kuma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum. A tsakanin waɗannan shekaru an rufe kasuwannin bayi, amma cinikin ya koma cikin gidaje da hanyoyin daji, ya fi ƙarfi a kan yara ƙanana, domin su ne ba su iya kai ƙara. Hanyar aikin hajji ma ba ta tsira ba, don kuwa an yi ta sayar da mutanen da aka tafi da su ƙasar Hijaz, kuma sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Akwai darasi guda daga wancan zamani da ya dace a riƙe. Turawan mulki sun riƙa tare ayarin masu bayi suna ƙwace yara, sai suka tarar ba su san inda za su kai su ba, domin da yawa daga yaran ba su san sunan garinsu ba, wasu kuma an ƙone garuruwan nasu. Dole ta sa aka buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Borno, inda ake ciyar da su ana koya musu sana'a. Ba a daɗe ba aka rufe gidajen, aka miƙa yaran ga 'yan mishan. Tun a lokacin ta bayyana cewa ƙwato mutum daga hannun dillali shi ne sashen aikin mafi sauƙi.

Sunayen da Cinikin Ke Fakewa da Su

Babu dillalin da kan kira sana'arsa da sunanta. Kullum da sunan wata al'ada da jama'a suka sani suka kuma yarda da ita yakan zo. Akwai aikatau, inda dillaliya kan bi ƙauyuka ta tattaro 'yan mata ta rarraba su gidajen Kano da Kaduna da Abuja da Legas, iyaye na sa ran za a tara kuɗin kayan ɗaki, alhali albashin ta hannun dillaliyar yake bi. Akwai riƙo, wanda asalinsa zumunci ne, amma a wani hannun ya zama hanyar samun baiwa ba da saye ba. Akwai bara da yara, ko a sunan karatu ko a sunan jagorar makaho. Akwai takari, inda akan yi wa mace alkawarin aiki a Makka ko Jidda, a biya mata kuɗin jirgi, da saukarta a karɓe fasfo, a ce sai ta biya abin da aka kashe. A jihar Tawa ta Nijar akwai wahaya, wato sayen yarinya 'yar bayi a ajiye ta bayan mata huɗu, ba sadaki ba haƙƙin aure, kuma wasunsu Arewacin Nijeriya ake tsallakowa da su.

Ba kowane aikatau ko riƙo ko almajirci ne fatauci ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Amma wannan kamanni shi ne mafakar dillali, shi ne kuma abin da ke ɗaure wa ma'aikacin hukuma hannu a tasha, domin zai ga mace da 'yan mata biyar, ta ce 'ya'yan ƙanwarta ne, su kuma su gyaɗa kai.

Ƙasar Hausa kuma mashiga ce ga wasu. Hanyar da ta tashi daga kudancin Nijeriya zuwa Turai ta Kano ko Sakkwato take bi, ta nufi Agadas, ta shiga Libiya. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙidaya matan Nijeriya 1,454 da suka isa Italiya ta teku a 2014, a 2016 kuwa adadin ya kai 11,009, kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari an nufe su da karuwancin tilas ne. Bashin da akan ɗora wa kowacce yakan kai Yuro 30,000 ko fiye.

Idan aka duba waɗannan hanyoyi duka, za a ga abu biyu ne ke riƙe da mutum a yau a maimakon mari da sarƙa: amana da bashi. Da amana ake fitar da shi daga gida, don galibi wanda ya zo ɗaukarsa ɗan'uwa ne, ko maƙwabci, ko 'yar gari da ta dawo da zinari a wuya. Da ɗan gari akan ci gari. Da bashi kuma ake hana shi komowa. Bawan da ya nemi fansar kansa a zamanin da, akan yanka masa kuɗi a gaban shaidu, ya san ranar da zai gama. Bashin dillali kuwa ba shi da ranar ƙarewa, kullum ana ƙara masa kuɗin abinci da na ɗaki da na magani.

Dokoki da Hukumomi

A Nijeriya, ƙungiyar WOTCLEF da Hajiya Titi Abubakar ta kafa a 1999 ita ce ta ɗauki nauyin ƙudurin da ya zama doka a watan Yuli na 2003. Dokar ce ta kafa hukumar hana fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, wadda aka haɗa mata bincike da gurfanarwa a kotu da wayar da kai da kula da waɗanda aka ceto a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Tana da ofisoshin shiyya a wurare da dama, ciki har da Kano da Sakkwato da Maiduguri. An yi wa dokar gyara a 2005, aka sake rubuta ta a 2015. Sabuwar dokar ta toshe wata ɓaraka babba, domin a da alƙali na iya ba mai laifi zaɓin biyan tara ya tafi gida, kuma tara ba komai ba ce ga wanda mutane ne jarinsa. Ta sa ɗaurin shekara 7 a matsayin mafi ƙarancin hukunci ga wanda ya jefa yaro cikin karuwanci, ta haramta cinikin sassan jiki, ta kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Wannan sashe na ƙarshe ya shafi gidaje da yawa na masu hali, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka san da shi.

A Nijar, an sanya bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, bayan doguwar fafitikar ƙungiyar Timidria. Amma shari'ar Hadizatu Mani ce ta farkar da hukuma. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangijinta ya yi ƙara cewa matarsa ce, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A watan Disamba na 2010 Nijar ta yi dokar hana fataucin mutane, a 2012 ta kafa hukumomin aiwatar da ita, a 2014 kuma wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya.

An ga wasu hukunce-hukuncen da suka girgiza jama'a. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, kuma a 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara 104. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda kai wani saurayi ɗan tireda daga Legas domin a cire masa ƙoda. Duk da haka, a shekaru ashirin na farkon NAPTIP ɗaruruwa ne kawai aka samu da laifi a kotu, alhali waɗanda aka ceto dubbai ne. Rahoton da gwamnatin Amurka kan fitar kowace shekara ya sa Nijeriya a sahun farko daga 2009 zuwa 2011, amma a 2017 da 2018 ta gangaro sahun ƙasashen da aka sa wa ido.

Rigakafi

Hanya biyu hukumomi suka bi wajen rigakafi: tsare hanya da wayar da kai. Abin da ya faru a Agadas ya isa misali game da ta farko. A 2015 Nijar ta yi dokar hana jigilar 'yan ci-rani, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Ayarin da kan fita a fili ya ragu, amma waɗanda suka ci gaba da sana'ar suka kauce wa rijiyoyi da shingayen soja, suka shiga hanyoyin da in mota ta mutu babu mai gani, kuɗin tafiya ya ƙaru, bashin matafiyi ya ƙaru tare da shi. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Daɗin daɗawa, ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara nauyi a kan ma'aikatan ƙasashen biyu, domin dillali ɗaya ne ke aiki a Maraɗi da Katsina, masu binsa kuwa kowa da dokarsa da ofishinsa.

Misali na biyu daga jihar Edo yake, inda akasarin matan da ake kaiwa Italiya suka fito. Can akan kai yarinya wurin boka ta yi rantsuwa cewa za ta biya bashi, ba kuma za ta tona asirin uwar ɗakinta ba, in ta saɓa ta mutu ko ta haukace. Tsoron wannan rantsuwa ya hana mata da yawa buɗe baki ko a gaban 'yan sandan Turai. A watan Maris na 2018 Sarkin Binin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma tsine wa wanda ya sake ɗaura ta. Abin lura a nan shi ne, igiyar da aka ɗaure da imani, wanda jama'a suka yi imani da shi ne ke iya kwance ta. A ƙasar Hausa igiyar ba rantsuwar boka ba ce, kunya ce da biyayya ga iyaye da ganin girman mai arziki. Don haka huɗubar limami da maganar mai unguwa da shirin rediyo cikin Hausa sun fi allon talla da aka rubuta da Turanci a bakin filin jirgi isa inda ake so.

Tallafa wa Waɗanda Aka Ceto

Dokar 2015 ta ce wanda aka yi fataucinsa ba mai laifi ba ne, ba za a tsare shi ko a gurfanar da shi saboda abin da aka tilasta masa ba, kuma yana da haƙƙin neman diyya. Ta tanadi asusun tallafi wanda ake zuba wa dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi. A aikace, NAPTIP takan ajiye wanda aka ceto a masaukinta, a duba lafiyarsa, a yi masa nasiha, a nemo danginsa, wani lokaci a koya masa ɗinki ko kitso ko wata sana'a, ko a mayar da shi makaranta. Nijar ta buɗe irin wannan masauki a Damagaram a 2019. Bayan da gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a Libiya a watan Nuwamba na 2017, gwamnatin Nijeriya da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya sun kwaso dubban 'yan ƙasa zuwa gida.

Sai dai a nan ne rauni ya fi yawa. Zaman masaukin NAPTIP a bisa tsari mako shida ne, wanda bai isa warkar da wanda ya shekara uku cikin azaba ba, balle koyon sana'a. Masaukan kuma a rufe suke, ba shiga ba fita sai da izini. Hukuma na cewa don kare su daga dillalai ne, amma ƙungiyar Human Rights Watch ta yi suka a 2019 cewa wanda ya fito daga kulle bai kamata a sake kulle shi da sunan taimako ba. Tanadin da aka yi wa maza ƙalilan ne, ga shi kuwa su ma ana bautar da su a gonaki da wuraren haƙar ma'adinai.

Babbar jarrabawa tana gida. Wadda aka dawo da ita takan tarar an jinginar da gona ko an sayar da saniya domin tafiyarta, ta dawo hannu rabbana, ana kallonta a matsayin wadda ta jawo asara. In an ji abin da aka sa ta yi a can, miji ya yi wuya. Talaucin da ya fitar da ita yana nan inda ta bar shi, dillaliyar ma tana nan, sau da yawa a unguwa ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a sake ganin ta a hanya. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wannan rauni shi ne kuma sanadin ƙarancin hukunci. Shari'ar fatauci a kan bakin wanda aka zalunta take tsayawa, domin shi kaɗai ya san wanda ya ɗauko shi da wanda ya karɓe shi da abin da aka ce ya biya. Shari'a takan ɗauki shekaru. Idan ba shi da abinci, ba shi da kuɗin mota zuwa kotu, dangi kuma suna matsa masa ya janye don wadda ake ƙara 'yar'uwa ce, to zai janye, dillali ya fita. Ashe ke nan kula da wanda aka ceto ba sadaka ba ce da hukuma ke yi bayan ta gama aikinta. Da shi ne aikin kansa ke tsayuwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Nijeriya da Nijar ba su rasa dokoki ba, ba su kuma rasa hukumomi ba. Abin da ya rage shi ne a karkata ƙarfi zuwa wuraren da aka bari a baya. Ya kamata a tsawaita zaman masauki gwargwadon bukatar mutum, a kuma bar manya su zaɓi zama ko tafiya. Ya kamata a bi dukiyar dillalai da gaske, domin asusun tallafi ya sami abin rabawa. Ya kamata gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin bibiyar wanda aka mayar gida na tsawon shekara ɗaya ko biyu, tunda su ne kusa da ƙauyen da ya fito. Ya kamata kuma a sanar da masu ɗaukar 'yan aiki abin da doka ta ce game da shekarun yaro, a kuma hukunta wanda ya saɓa, domin dillaliya ba ta kai kaya inda babu mai saye.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan sananniya ce: gonar da ba ta ciyar da gida, makarantar da babu malami, da aurar da 'ya da ya fi ƙarfin uba. Tambayar da ta gagari masu gidan Zungeru fiye da shekara ɗari da suka wuce, wato ina za a kai yaron da aka ƙwato, ita ce har yau ke gaban ma'aikacin da ya tare mota a kan hanyar Daura ko ta Illela, ya sauko da 'yan mata, direba kuma yana jiran a ba shi hannu ya wuce.